Madubi Mai Ninki Huɗu da Langa Mai Ido

Zuwa ga ɗana Haruna,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Ina roƙon Allah ya sa wannan takarda ta same ka ka sauka Zagga lafiya, kai da matarka Hadiza da 'yar jikata Ummi, hanya ba ta wahalar da ku ba. Allah ya sa ka shiga wannan aiki da ƙafar dama, ya haɗa ka da mutanen kirki, ya tsare ku daga abin da kuke gani da wanda ba ku gani. Innarka tana gaishe ku. Ita ce ta cusa takardar nan cikin buhun kayan miya, wai idan na ba ka hannu da hannu za ka karanta a mota kana hira da direba, ka sauka ba ka riƙe komai ba.

Ba labarin gida zan ba ka ba, tunda jiya ka baro shi. Maganar bindigar iskar nan ce da na ba ka. Na ji daɗi da ka roƙe ni ita, domin mai injin shinkafar da ya ɗauke ka tsaron sito ya ce ɓeraye da tantabaru sun addabe shi, kuma ban san wanda zan ba ta ya riƙe ta da mutunci kamarka ba. Abin da ban ji daɗinsa ba shi ne hoton da ka nuna mini a waya, na wani ƙaton madubin bindiga, kana murna wai yana jawo abu kusa har ninki ashirin da huɗu. Ka ce da ka zauna za ka cire ɗan ƙaramin da ke kanta mai ninki huɗu, ka ɗora wancan. Na yi shiru a lokacin saboda surukata tana wurin, kuma abin da zan faɗa ba na faɗa a tsaye ba ne. Ba na son ka sayi madubin nan, Haruna. A farfajiyar da za ka riƙa harbi a cikinta mata suna shanya shinkafa, kuma Ummi ta fara tatata, ba ta san inda ake bi da inda ba a bi ba. Na taɓa sayen irinsa tun kana goye, kuma zan jera maka wautar da na tafka da shi ɗaya bayan ɗaya, har da wadda na ɓoye maka duk tsawon rayuwarka.

Wautar farko a kasuwa na yi ta. Lokacin ina ji da ƙuruciya, gonar fadamar nan ta bayan Lolo ta fara ba ni shinkafa, kurciyoyi kuma suna sauka kan masussuka kamar an gayyace su. Bindigar tana da saitinta na ƙarfe, ina samun biyu ko uku a yini, amma ban gode ba. Na ƙetara iyaka zuwa kasuwar ƙasar Benin sayen gishiri da atamfar innarka, na ci karo da wani ɗan ƙabilar Dandi mai sayar da tociloli da kayan kamun kifi, yana da madubai guda uku a shimfiɗe kan tabarma. Bai tambaye ni abin da nake harbi ba, ni ma ban gaya masa ba. Ya ɗauko mafi girman, ya murɗa zobensa har ƙarshe, ya ce in duba hasumiyar wani masallaci can nesa. Na duba, sai ga tsagar bango da lasifika kamar in miƙa hannu in taɓa. Ya nuna mini lambobin da ke jiki, ya ce na farkon su ne ninkin da yake jawowa, daga huɗu har sha shida, na ƙarshen kuma faɗin gilashin gaba ne. Ni dai sha shidan nan kawai na ji. Akwai ɗan ƙarami a gefe mai ninki huɗu tak, na ture shi da bayan hannu, na ce wannan na yara ne.

To ka ji ni da kyau. Kafin ka je wurin mai madubi, ka fara zuwa wurin da za ka yi harbin. Ka tsaya inda za ka riƙa tsayawa, ka taka da ƙafarka zuwa inda ɓera ko tantabara ke zama, ka ƙirga taku nawa ne. Wannan lissafin shi za ka kai kasuwa. Mai kaya zai nuna maka hasumiya ko bishiyar ƙetaren gulbi, ba laifinsa ba ne, kaya yake sayarwa, amma kai ba hasumiya aka ɗauke ka ka harba ba.

Wauta ta biyu kuwa, da na dawo na ɗaura shi kan bindiga, sai ta koma kamar jaki da aka labta wa kayan raƙumi. Na fita fadama ina taƙama, na murɗa zobe har sha shida, na ɗaga. Abin da na gani ya ba ni tsoro. Zaren nan biyu da suka gitta juna a tsakiyar madubi suna ta yawo, su hau kan kurciya, su sauka ƙasa, su tafi gabas. Na ɗauka madubin ne ya lalace. Na ƙara ɗaure sukurorin, na canja harsashin darma, har na zargi shayin da nake sha da safe. Mako guda ina ɓarin darma a banza, kurciyoyi suna kallona.

Kawunka Manu, yayan innarka, Allah ya ji ƙansa, shi ya zo ya same ni a bakin masussuka yana koro shanunsa. Ka san shi da tsokana. Ya karɓi bindigar, ya leƙa, ya daɗe yana leƙe, sannan ya miƙo mini.

"Wanga madubi na neman jinjirin wata na," in ji shi. "Aje shi sai azumi ya matso, mu kai ma liman."

Na ji haushi, amma ya zaunar da ni ya yi mini bayani irin na wanda ya yi farauta tun kafin in san hannun damata. Ya ce hannuna ba yau ya fara rawa ba, hannun kowa yana rawa, numfashi da bugun zuciya suna motsa shi. Madubin da ya ninka mini kurciya sau sha shida, ya ninka mini rawar hannuna sau sha shida, ni kuma da na ga rawar sai na ƙara ƙanƙame bindigar, sai rawar ta ƙaru. Ya ce in mayar da zoben kan huɗu. Na mayar, sai zaren ya natsu, na harbi gwangwanin madara a taku ashirin da biyar sau uku a jere. Maimakon in gode masa, sai na ce ai gwangwani ba ya tashi. Yana juya baya na sake murɗa zobena can sama, domin a ganina asara ce mutum ya mallaki sha shida ya zauna a huɗu.

Idan a tsaye za ka yi harbi, ko a durƙushe ba abin jingina, kada ka wuce huɗu, in ya yi yawa shida. Babban ninki sai wanda ya kwanta ya ɗora bindiga kan buhu, yana harbin takarda da ba ta motsi, kuma ba wanda ke wucewa. Kai kuwa aikinka a tsaye yake, tsakanin buhuna, abin harbinka ba ya jiran ka gyara zama.

Wauta ta uku ita ce ta fi damuna a wajen Allah, in ka cire ta ƙarshe. Da na koyi ɗora bindigar kan buhu, na fara samun tsuntsu, sai madubin ya riƙa yi mini ƙarya ina yarda. Kurciya tana can ƙetaren fangalin shinkafa biyar ko shida, amma a cikin gilashi ga ta nan har ina ganin ƙyaftawar idonta. Sai in manta cewa madubi ido kawai yake ƙara wa ƙarfi, bai ƙara wa sifirin ɗin bindiga komai ba. Darmar da ke fita daga bindigar iska ba ta da nauyi, in ta wuce taku talatin da wani abu sai ta fara sunkuyawa ƙasa, iska kaɗan ta kore ta gefe. Sai in auna ƙirji in samu ƙafa, in auna kai in karya fiffike. Wasu su tashi da rauni su tafi su mutu a wani wuri. Wasu su faɗi cikin ruwan fangali, ni kuma ka san ni, ba na cin tsuntsu sai na sa masa wuƙa. Kafin in zagaye kunyoyi, in tsallake taɓo, in isa da wuƙata, ta riga ta sandare. Na tsaya a kan mushen kurciya ya fi a ƙirga, ina riƙe da wuƙar da ba ta da amfani. Ran nan har innarka ta tambaye ni ina naman da nake ta harbi tun safe.

Saboda haka na yi wa kaina doka, kai ma ina so ka riƙe ta. Kada ka harbi abin ci a nisan da ƙafarka ba za ta kai ka da wuƙa yana da sauran rai ba. Abin da ba na ci ba ma, ɓera ne ko gafiya, halittar Allah ne, in za ka kashe shi ka kashe shi sau ɗaya, kada ka bar shi yana jan ciki. Amfanin ɗan madubin da ke kan bindigarka ke nan. Idan tsuntsu ya yi ƙanƙanta a cikinsa har ba ka iya zaɓen inda za ka sa darma, to gaskiya ya gaya maka, tsuntsun ya yi nisa. Ka matsa kusa ko ka ƙyale shi.

Akwai kuma abin da ya shafi aikinka kai tsaye, shi ma da kaina na gano shi. A cikin watannin nan ɓeraye suka shiga ɗakin da nake tara shinkafar iri. Na shiga da rana tsaka da ƙaton madubina, na zauna kan turmi. Daga inda nake zuwa bango bai fi taku takwas ba. Na leƙa, ban ga komai ba sai hazo, kamar an shafa wa gilashin man shanu. Babban ninki ba ya son abu na kusa, kuma yana cin haske, ɗakin da idona ke gani sarai ya koma duhu a cikinsa. Ɓera ya fito, ina ganinsa da ido ƙuru-ƙuru yana cin irina, in sa ido a madubi in neme shi in rasa, domin abin da gilashin ke nuna mini bai fi tafin hannu na jikin buhu ba. Kafin in lalubo shi ya ƙoshi ya koma. Sau ɗaya na harba don haushi, na huda buhu, shinkafa ta riƙa tsiyaya, na ƙara musu abinci. Sito irin naka haka yake, dogo ne amma duhu gare shi, kuma ɓera a kusa yake fitowa. A nan ƙaramin ninki ne sarki. Idan wata rana ka ga lallai sai ka canja, ka nemi mai farawa daga biyu ko uku ya tsaya a bakwai ko tara, wanda ake iya murɗa bakinsa na gaba ya wanke hoton abu na kusa. Ka tambayi mai shi ko an yi shi don bindigar iska mai sifirin, domin irin taka da ake karyawa a sa darma tana dukan madubi gaba da baya, wanda ba nata ba sai ta kwance masa ciki cikin 'yan watanni. Kuma ko wanne ka samu, ka bar zoben a ƙaramar lamba kullum, sai da dalili za ka hau sama, kana gamawa ka dawo da shi.

Kada in manta da ranar da na sha zaman inuwar dole. Ranar kasuwar Lolo ce, na rataya bindigar a baya na hau babur, ba don komai ba sai don a ga madubin. Masu tsaron hanya suka tsayar da ni. Ban ga laifinsu ba ko a lokacin, domin da wancan ƙaton abu a kanta, daga nesa ba mai cewa bindigar kurciya ce, kama take da kayan yaƙi. Na karya ta na nuna musu inda darma ke shiga, na rantse, na kira sunan unguwarmu, duk da haka na yini a gindin bishiya har sai da maigari ya aiko wanda ya shaide ni. Wancan zamanin ma ke nan da ake kwana da ƙofa a buɗe. Yanzu ka fi ni sanin yadda gari yake. Kana isa ka kai bindigar wurin mai unguwa da hukuma su gan ta, ka yi takardar da ake bukata, mai injin ya san inda kake ajiye ta. Kada ka hau babur da ita a rataye, kada ka kusanci iyaka da ita ko da wasa, ko Dole Kaina za ka, ka bar ta a ɗaki. Ƙaramin madubi ba ya jawo ido, wannan ma wata riba ce.

Yanzu na zo kan wadda na daɗe ina zagayewa. Ka san langar nan fara mai bakin shuɗi da kuke kira mai ido, wadda fentinta ya ɓantare a gefe ya bar baƙin tabo da ɗan lotsawa. A cikinta ka sha fura tun kana rarrafe, kai da yayyenka har faɗa kuke yi a kanta. An gaya muku faɗuwa ta yi kan dutse. Ba faɗuwa ta yi ba.

Kana da wata bakwai a duniya, lokacin girbi ne. Ina masussuka da hantsi, ma'aikata sun tafi ɗebo dami, ni kaɗai. Kurciya ta sauka kan wani kututture a bakin gona, nisan da yanzu ba zan ko ɗaga bindiga ba. Na kwanta, na ɗora bindigar kan buhu, na murɗa zobe har sha shida, na runtse idon hagu gam. Duniya duka ta ɓace, ba abin da ya rage sai wuyan kurciyar nan da ɗigon baƙin da ke jikinsa. Na san sarai hanyar da ke zuwa daga gari ta bayan kututturen take bi, na bi ta da ƙafata da safen nan. Amma a cikin gilashi babu hanya, babu ciyawa, babu kowa. Na ja kunamar bindiga. Kurciya ta tashi lafiyarta lau, ni kuma na ji wani ƙwal, ƙarar darma a kan ƙarfe.

Na ɗago kai na buɗe ido, sai ga innarka tsaye a kan hanya. Abincina ta kawo mini. Ta ɗora langar a tafin hannunta na dama, ta ɗaga ta daidai kafaɗa yadda mata ke yi, kai kuma kana goye, ka leƙo da kanka ta wannan kafaɗar. Tsakanin inda darmar ta bugi langa da inda kanka yake, bai kai tsawon tafin hannuna ba.

Ban san yadda na isa wurin ba. Ita ba ta yi ihu ba, ba ta yar da langar ba. Ta taka a hankali har inuwar da nake ajiye buta, ta ajiye abincin, ta kwance goyo, ta zauna ta duba ka tun daga maɗiga har tafin ƙafa, ta juya ka ta sake dubawa. Kai kuwa dariya kake yi, ka ɗauka wasa ne. Sai da ta gama sannan ta ɗago ta dube ni.

"Malam, mi kag gani cikin madubin ga, da har ba ka gan mu ba?"

Na ce mata wuyan kurciya na gani. Ita ce kuma gaskiya.

"To," in ji ta. "Ga abincinka nan. Ci tun bai huce ba."

Ban iya ci ba. Na zauna a ƙasa ina kuka kamar yaro, ban ji kunyarta ba. Ita ta mayar da kai baya, ta jira har na natsu, ta ɗauki langarta da tuwon a ciki ta koma gida. Na ɗauka da yamma zan tarar ta tafi gidansu, ko Kawu Manu yana jirana a ƙofa da sandarsa, kuma da ya zo da ban ɗaga hannu na kare ba. Na tarar tana tankaɗe. Da yayarka ta tambayi abin da ya sami langa, sai na ji ta ce faɗuwa ta yi. Daga ranar har Kawu Manu ya koma ga Allah bai ji wannan magana ba, uwarta ba ta ji ba, kuma ko sau ɗaya, ko a cikin faɗa irin na miji da mata, ba ta taɓa ɗauko ta ta jefe ni da ita ba. Abu ɗaya kawai ta yi. Ta ƙi yar da langar, kuma duk ranar da ta ga na ɗauki bindiga, a cikinta take zuba mini abinci.

A yammacin nan na kwance madubin na jefa shi ƙasan akwati. Shekara biyu da saitin ƙarfe nake harbi. Daga baya na koma wurin ɗan Dandin nan na ce ya ba ni irin ƙaramin da na ture, shi ne wanda ke kan bindigarka yanzu. Ya girmi aurenka, ya girmi karatunka, bai taɓa gocewa daga saiti ba sai in ni na buge shi. Da shi ina harbi ido biyu a buɗe, na dama yana kan tsuntsu, na hagu yana kan duniya. A cikin gilashin kansa ina ganin kurciya, ina ganin reshen da take kai, ina ganin abin da ke bayanta da wanda ke tahowa daga gefe. Sau da yawa na sauke bindiga saboda akuya ko mai tallan nono ta shigo ta gefen gilashi, kuma duk lokacin da hakan ta faru sai na ce alhamdu lillahi a fili.

Wannan shi ne babban abin da nake so ka riƙe, ko ka manta sauran. Duk ninkin da ka ƙara, wani yanki na abin da ke kewaye da kai ka sayar. Kafin ka sa ido a madubi, ka duba da idonka biyu abin da ke bayan abin harbinka, ka tabbata bango ne ko tudun ƙasa, ba hanya ba, ba zana ba, ba ƙofa ba. A farfajiyar inji kada ka yi harbi sai ka san inda kowa yake, kuma kafin kowa ka san inda Ummi take. In ba ka gan ta ba, ka jingine bindiga ka nemo ta, ka damƙa ta a hannun uwarta, sannan ka dawo. Tantabara za ta dawo gobe, shinkafar da za ta ci kafin goben mai inji ba zai talauce a kanta ba.

Na san za ka ce ai kai ba ni ba ne, kai ka yi makaranta, ka kalli masu harbi a waya. Haka ne, ka fi ni sanin abubuwa da yawa, kuma ina alfahari da hakan. Amma ni ma ranar nan ba jahilci ne ya kwantar da ni kan buhu ba, na san hanyar tana wurin. Daɗin ganin abu kusa ne ya ɗauke mini hankali, kuma wannan daɗin bai san wanda ya yi makaranta ba.

Ina rubuta maka wannan ne cikin godiya, ba cikin baƙin ciki ba. Shekara ashirin da shida ke nan ina kallonka kana girma, kuma ba ranar da za ta wuce ban tuna cewa kyauta aka ba ni kai sau biyu ba. Ranar da ka fara tafiya, ranar da ka sauke Alƙur'ani, ranar da aka ɗaura maka aure, ranar da ka miƙo mini Ummi a cikin zane, mutane suna ganin ina share ido suna cewa Malam ya cika tausayi. Ba su san langa nake tunawa ba. Na gode wa Allah da ya sa hannuna ya yi rawa ta inda ya yi. Na gode wa kawunka da ya gaya mini gaskiya tun da wuri ko da ban ji ba. Innarka kuwa, ban san da bakin da zan gode mata ba, sai dai in ce ka riƙe ta da kyau bayan raina, domin ta rufa wa ubanka asirin da bai cancanta ba.

Shekaranjiya da na gaya mata abin da ka nuna mini a waya, tana tsince shinkafa, ba ta ɗago ba. Can ta ce, "Hwaɗa mishi, Malam. Yanzu shi ma yana da ɗiya." Da izininta na rubuta, ka ga ke nan ba ni kaɗai ke roƙonka ba.

Ka duba ƙasan buhun da ka samu wannan takarda, za ka ga ƙulli a cikin tsohon ɗankwalinta. Langar ce. Na juye maka harsasan darmar duka a ciki, na yar da gwangwaninsu, don kada ka samu wani wurin zuba su. Ka ajiye ta a sama inda hannun Ummi ba ya kaiwa. Duk ranar da za ka yi harbi, dole sai ka sauko da ita ka buɗe murfin, kuma ina so kafin ka ɗauki darma ko ɗaya ka sa babban yatsanka a cikin lotsawar nan, ka auna tafin hannu ɗaya daga wurin. Nan kanka yake.

Allah ya tsare ka, ya tsare Hadiza, ya raya mana Ummi. Allah ya tsare mutane daga hannunka, ya tsare ka daga hannun mutane. Ya sa albarka a cikin aikinka, ya ba ka ido biyu a buɗe a duk inda ka sa gaba, ya dawo mana da ku lafiya idan an yi girbi. Ka gaishe da mai gidan aikinka da maƙwabtan da Allah ya haɗa ku. Idan ka karanta ka kira innarka, ba sai ka ce mata komai a kan wannan ba, ka dai bari ta ji muryarka.

Wassalamu alaikum.

Ni ne mahaifinka,
daga Lolo.